Ku Koma Gaban Sahu, Baba

Jidda, watan Sha'aban, 2006

Zuwa ga mahaifina Malam Abdulsamad, Bunkure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kuna lafiya, da Inna da ƙanwata Sauda. Yaya shirin noman rani? Allah ya sa tumatir ya yi albarka bana.

Ni lafiya lau nake, aikin gini na tafiya, sai dai zafin rana.

Baba, maƙwabcinmu Surajo ya zo Umara, ya gaya mini tun da haƙoranku na gaba suka zube kuka daina jan salla, don haruffa ba sa fita daidai. Ya ce an ba ku shawarar sa haƙoran roba kun ƙi, wai daga bakin matattu ake ciro su. Wallahi ba haka ba ne. Likita ne ke auna bakin mutum a ƙera masa. Inna ma ai da haƙorin Makka ta dawo, ba ku ce komai ba.

Da ban yi niyyar faɗa muku ba. Bara katako ya faɗo mini a wurin aiki. Abin ya zo da sauƙi, amma haƙora uku sun fita. Hoton Sallah da na aiko ina murmushi, na roba ne kuka gani. Da su nake karatun da kuka koya mini, babu harafin da ke kuɓuce mini.

Don Allah ku bar Sauda ta raka ku Kano wurin likitan haƙori. Ranar da na dawo, ba na so in bi kowa salla a masallacinmu sai ku.

Ɗanku mai neman albarkarku,
Musaddiƙ