Sabbin Dokoki ga Ma'aikacin Hasumiya

Daga Ofishin Babban Darakta Mai Kula da Hanyoyin Sama Baki Ɗaya,
20 ga Shawwal, 1413.

Zuwa ga Malam Jibrin, hasumiyar filin jirgin sama, Ikko.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka Barakatu da abokan aiki. Yaya zafin Ikko da sauronta? Allah ya ƙara rufa asiri, amin.

Bayan haka, labari ya iso ofishina cewa an kawo muku sabuwar na'ura wai ita rada, mai hango jirgi tun yana bayan gajimare, kuma wata bakwai ke nan ana koya muku aiki da ita, ba hutu, ba leƙa gida. Madalla. Saboda tsaron rayuka, ga sabbin dokoki.

Ta farko: jirage su riƙa bin layi kamar motocin tashar Jega ranar kasuwa. Matuƙin da ya yi satar layi a karɓe makullinsa.

Ta biyu: jirgin nan da ke ɓullowa ta wajen Maiyama ya ratsa saman Jega bayan la'asar, ya rage gudu. Akwai wani bawan Allah da ke gaya wa mutane yayansa ne ya ba shi hanya, amma kafin su ɗaga kai ya wuce.

Ta uku ita ce babba: kada kowa ya ƙara tsayawa bayan abin hawa yana kaɗa hannu. Wani ɗan kamasho a tashar Jega ya ga hoton da yayansa ya aiko, na mutumin da ke tsayawa gaban jirgi yana nuna masa wurin fakin. Sai ya ari mafitai biyu wurin mai tsire, ya tsaya bayan motar albasa yana ba ta hannu, 'yan tasha na ta dariya. Abin da bai lura ba, matuƙin jirgi yana kallon mai kaɗa masa hannu, motar nan kuwa ko madubi ɗaya ba ta da shi. Ƙafar dama ta karye, wuri biyu.

Yau kwanansa ashirin da shida kwance gidan mai ɗori a Aliero. Su shida ne a ɗakin, kowa da mai jinyarsa. Shi sai Gwaggo Iyatu, da ke zuwa daga Fagada ranar Juma'a da 'yar furarta, ta koma kafin magariba. 'Yan tasha sun zo sau ɗaya, sunka yi ba'a, sunka tahi. Sauran kwanakin azarar rufi yake kallo.

Jiya mai ɗori ya kwance karan ya duba, ya ce ƙashin ya kama a karkace. Sai an sake karya shi an ɗora, in ba haka ba ɗingishi ke nan har tsufa. Ya sa Alhamis ta sama. A gidanga ba allurar kashe zafi. Ɗan'uwanka namiji ke zama bayanka ya rungume ƙirjinka har a gama. Na ga wanda anka yi ma wani Bafulatani, ƙannensa biyu sunka riƙe shi. Mai ɗori ya tambaye ni wa zai riƙe ni, na ce ina da yaya, shina Ikko shina saukar da jirage.

To, ka ga na ɓata takardar. Yaya, ai na san tun layin farko ka gane, wane Darakta ke rubutu da ajami da tawadar allo? Direban da ya miƙa maka takardarga shi ya take ni. Kada ka yi mai faɗa, shi ma ya yi kuka.

Tun rasuwar Baba ban roƙe ka kome ba. Wannan ma da wasa na so in faɗe shi, ya ƙi. Tsoro nike ji. Na san rayukan mutane na hannunka. In manyanka ba su sake ka ba, ba ni fushi, mai shayin ƙofar gida ya ce ya iya riƙo. Amma in sun sake ka, ka zo tun Laraba.

Ka gai da Barakatu, kada ka nuna mata wannan.

Ni ne ƙanenka,
Alu.