Ruwan Bikin Hadiza

Dakoro, daren Lahadi

Yau muka kai ɗiyata Hadiza ɗakin mijinta. Tun tana ƙarama nake hana ta cin ƙanzo a tukunya, ina ce mata za a yi ruwa ranar bikinta. Ba ta ji ba. Ai kuwa muna fitowa da ita aka sheƙo ruwa, muka jiƙe sharkaf.

Gwaggon ango ta taɓe baki ta ce, "Hajiya, ashe amaryar tamu mai kankare tukunya ce?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ita ce. Hatsinku na ƙonewa a gona, ta zo muku da ruwa."

Mata suka rangaɗa guɗa.

Na gaji liƙis, amma sai da na kankare ƙanzon tuwon bikin. Gobe zan aika mata.