Ajin Lissafin Auta

Maigida,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kuma ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Mu lafiya lau, sai kewarka.

Auta ce ta sa na rubuto. Kwanan nan ko abinci ba ta ci sosai. Ashe an yi musu jarrabawa, an raba ajinsu biyu: masu lissafi mai zurfi, wanda sai da shi ake karatun injiniya, da masu na gama-gari. Ita ta faɗa na biyu. Yarinyar da ka san ba ta da abin so kamar lissafi!

Ta ce rabin tambayoyin jarrabawar ba a taɓa koya musu ba. Masu malamin lesin a gida kuwa sun san su tun bara. Na je taron iyaye, na ji ana ta maganar, amma wallahi na ɗauka lissafi duk ɗaya ne. Wasu iyayen na ta tambaya, ni ban ma san abin da zan tambaya ba.

Taka,
Uwar 'ya'yanka

Maigida,

Ina gaisuwa, ya aiki? Saƙonka ya iso, kuma ka daina cewa laifinka ne.

Na je makarantar. Malamin lissafi ya karɓe ni da mutunci, ya ce bayan hutu za a sake jarrabawar, sai dai ya yi ta kallon ƙasa yana faɗa.

Ka tuna matar likitan nan da nake wa ɗinki? 'Yarta ƙawar Auta ce, ta samu shiga ajin lissafi mai zurfin. Ina gwada matar, tef a hannuna, na cire kunya na tambaye ta yadda suka yi. Ta ce mijinta ya san da zancen tun yarinyar na ƙaramin aji, ita ta zata kowa ya sani. Ba da wulaƙanci ta faɗa ba, shi ya sa ma ya fi yi mini ciwo. Nan take ta ce Auta ta riƙa zuwa lesin tare da 'yarta.

'Yarka da taurin kai irin na wani da na sani, cewa ta yi ba ta son alfarma. Na bar ta ta huce. Yanzu tana zuwa, in ta dawo ta ture yadudduka gefe ta mamaye mini teburin yanka.

Taka har kullum.

Maigida,

Albishirinka! Auta ta ci. Na yi kuka a kan keken ɗinki har na ɓata hannun rigar mutane.

Amma murnarta rabi ce. Akwai wata yarinya a ajinsu, 'yar mai wanki, wadda Auta ta ce ta fi ta lissafi nesa ba kusa ba. Ko jarrabawar ba ta sake zama ba, domin a gidansu babu wanda ya san an sake. Mu sa'a muka yi wata ta kawo ɗinki. Tun jiya nake tunanin yara nawa ne irinta.

Malamin ya ce sai dai baɗi. Auta ta ce za ta riƙa koya mata duk abin da aka koya musu, amma sai baban yarinyar ya yarda ta riƙa zuwa nan. Idan ka dawo, ka huta, kai za ka je ka same shi. Zai fi jin maganarka, tunda kai ma, kamar shi, a da ba ka san da zancen rabon ajin nan ba.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Uwar 'ya'yanka