Ƙamshi a Gidan Takaba

Ƙofar Kibo, Zariya
Litinin

Zuwa ga ƙanena Jamaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin Abuja. Na koma wa takarda ne saboda wayata ta zama abin da kake kallo tana ƙara har ta gaji. Wannan kuwa direban tasha zai danƙa maka hannu da hannu.

Maganar injin busar da kaya ce, wanda ka kawo wa Inna bara. Ban taɓa raina kyautar ba. Tun da Inna ta daina tashi, zanen gadonta ba ya wuni a bushe, kuma ka san damina a cikin birni: rana ta leƙo, kafin ka ɗauko kwando ta koma. Injin nan ne ya sa mikin bayanta ya fara kamewa.

Yanzu ya canza. Kaya na fitowa da zafi kamar an sauke su daga tukunya, amma a jiƙe. Ɗakin yana turiri, kuma akwai wani ƙauri da ke kama maƙogwaro. Na ɗauko littafin injin, wanda ka bari cikin ledarsa ko buɗewa ba ka yi ba, na karanta shi kaf. Da gas yake aiki, kuma hayaƙin gas ɗin da tururin da burbushin audugar tufafi duk hanyarsu ɗaya ce, wato bututun da ya haura ta silin ya fita ta rufin kwano. Ta sama aka fitar da shi don bangon ɗakin duk na maƙwabta ne. In bututun ya toshe, ko audugar ta kama wuta, ko hayaƙin ya dawo cikin gida. Ɗakin injin da ɗakin Inna kuwa silin ɗaya suke, ƙofa ɗaya ta raba su.

Na kira mutumin da ya haɗa injin. Ya zo da dogon burushinsa da tsani, ya ce sai an hau an buɗe hular bututun daga sama. Bai gama jingina tsanin ba maƙwabcinmu Malam Bahago ya fito daga zaurensu kamar an taka masa wutsiya. Ya ce rufin nan yana kallon tsakar gidansu, kuma Batulu, matar marigayi ƙanensa, tana takaba, namiji ba zai hau ba. Na buɗe baki, ya ce shi da mazan gida yake magana.

To, kai ne mazan gidan, duk da ni na goya ka. Ka kira shi yau. Inna ta cika barci kwanan nan, kuma in ta farka tana dafe kai. Hajo mai jinyarta ma ta ce kanta na sarawa.

Ka gaida Ibtisam da yara.

Yayarka da ta gaji da jira,
Bilkisu

Abuja
Laraba

Zuwa ga Yaya Bilkisu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na samu takardarki, na gode da ƙoƙarin da kike yi da Inna, Allah ya saka da alheri. Rashin ɗaukar waya ba raini ba ne, mitin ne ya yi mana yawa a ofis.

Game da bututu, ina roƙonki ki sassauta. Gidanmu da gidan su Malam Bahago tun kakanni ake zaune lafiya, shi ya tsaya a kan jana'izar Baba, bai kamata a ce a kan inji aka ɓata ba. Takabar ta yi nisa. Da zarar Batulu ta fita, ni da kaina zan zo da ma'aikata a gyara komai. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Kafin nan a riƙa share rariyar da ke bakin ƙofar injin, na tabbata ita ce matsalar. Littattafan nan na Turawa komai sai sun tsorata mutum, don gudun shari'a suke yi. Barcin Inna kuma shekaru ne, Yaya. Babban abin da likita ya gargaɗe mu a kai shi ne kada ta kwanta a kan danshi, saboda haka kada a daina amfani da injin.

Abu ɗaya nake so ki yi mini. Kada ki koma wurin Malam Bahago, kada kuma ki yi maganar nan da kowa a unguwa. Ki bar mini ita.

A gaida Inna, a ce ta sa mini albarka.

Ƙanenki,
Jamaluddeen

Ƙofar Kibo
Asabar

Jamalu,

Salamu alaikum. Gaisuwar ke nan, sauran ka samo a wurin mitin.

Dutsen da kake so in dafa, a ɗakin uwarka ake hura masa wuta. Rariyar da ka ce a share, kullum ina share ta, har hasken fitila ana gani ta cikinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa rabonka da kwana a gidan nan tun sallar layya.

Na rufe gas ɗin. Na gaya wa Hajo kada ta kusanci injin. Yanzu da dutsen guga na gawayi nake busar da zannuwa, in na dawo daga aikina na laburaren jami'a da ke Kongo sai in tsaya a kansu har kafaɗata ta mutu. Ba ya isa. Jiya na juya Inna na ga mikin ya sake buɗewa, ta kama hannuna ta cije leɓe. Ga zaɓin da kuka bar mini, kai da dattijonka: ko bayanta ya ruɓe, ko in kunna abin da nake tsoro. Amma ka lura da wannan. Tun da na kashe injin ciwon kanta ya tafi, shekaranjiya har labarin rediyo ta saurara. Shekarun nata sun ragu ke nan?

Kuma na je wurin Malam Bahago, don ban ga inda ka zama ubana ba. Na durƙusa a bakin zaure yadda aka koya mana, na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya sabuwa. Na ce, “Baba Malam, tun muna yara in za a hau rufi a unguwar nan, sai a ɗaga murya a ce za a hau sama, mata su shige ɗaki, a yi aiki a sauko. Batulu ta shiga ɗaki ta ja labule, kafin ta gama jan carbi an gama.”

Ya ce, “Takaba ba wasa ba ce, Malama.”

Na ce, “Gobara ma haka. Kuma in ta tashi ba ta tambayar bangon wa ne.”

Ya ce, “Boko ya sa kina ganin kin fi kowa sani.”

Na ce, “A littattafan Baba na fara karatu, a zauren da kake zuwa ɗaukar darasi. Ka nuna mini inda aka ce a bar tsohuwa ta shaƙi hayaƙi don wata na takaba, in tashi in tafi.”

Sai ya kau da kai, ya ce, “Ki tambayi ƙanenki. Mun riga mun gama magana da shi.”

Wace magana kuka gama, Jamalu? Yaushe? Mutumin nan ba tsoron a ga Batulu yake yi ba, idonsa ya nuna. Akwai abin da ba ya so a gani a saman rufin, kuma kai ka san ko mene ne.

Ina jiran amsa, ba karin magana ba.

Bilkisu

Daga maƙwabciyarki
Talata da rana

Yaya Bilkisu, salamu alaikum. Ya jikin Inna? Allah ya ba ta lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, a takardar makarantar yara na yi, zan jefo ta ta kan katanga.

Na ji muryarki a zaure ranar Juma'a, tun lokacin ban samu sukuni ba. Ni ba wanda ya tambaye ni komai. Ga abin da na sani.

Ranar addu'ar bakwai kun kunna injin. Iskar da ke fitowa ta bututun tana da ƙamshin ruwan wankin da kike sa wa kayan Inna, sai ta sauko tsakar gidanmu, har da 'yar auduga tana sauka a kan mayafina. Wata gwaggon marigayi ta shinshina ni a gaban mutane ta ce, au, amarya har ta fara turare? Na yi kuka. Baba Malam ya ji, ransa ya ɓaci. Da Alhaji Jamalu ya shigo gaisuwa suka keɓe. Washegari kina wurin aiki aka sa ni a ɗaki, wani ya hau ya rufe bakin bututun da buhun siminti ya ɗaure da waya. Aka ce sai na fita takaba za a cire, kuma kada a gaya miki don za ki yi faɗa.

Daga inda nake alwala ina hango buhun. Ya yi baƙi.

Yaya, ɗazu na ji injin yana kuka ta bango, alhali na ji kin ce kin kashe. Akwai tsani a bayan madafinmu. Namiji aka hana.

Batulu

Asibiti, Zariya
Laraba

Jamaluddeen,

Sallama haƙƙin Musulmi ce, don haka salamu alaikum.

Na san Ibtisam ta gaya maka muna asibiti. Ga abin da ba ta sani ba.

Jiya an wuni ana ruwa. Kai ka kira Hajo da hantsi, bayan ka tabbata na fita, ka ce kai ka sayi injin, kai kake biyanta, ta buɗe gas ta busar da kayan Inna. Baiwar Allah ta bi umarni. Saboda feshin ruwa ta rufe tagogi da ƙofar waje, ta bar ta tsakiya a buɗe don ta riƙa jin motsin Inna.

Na dawo da la'asar. Takardar Batulu na tsinta a tsakar gida, ruwa ya jiƙa rabinta, a tsaye na karanta. Ban kai ƙarshe ba na ji ƙaurin. Na tarar da Hajo a zaune a ƙasa ta yi amai, ta kasa miƙewa. Inna tana kwance kamar mai barci, fuskarta har wani kyau ta yi. Na girgiza ta, na kira ta, na ɗaga hannunta ya faɗi. Ni na kashe gas, ni na ɓalle taga, ni na ja katifar da Inna a kai har tsakar gida cikin ruwan sama. Mai shagon bakin lungu ya samo mana mota.

Hajo ta farfaɗo. Inna tana numfashi da abin oksijin a fuska, ba ta buɗe ido ba. Likita ya ce hayaƙin gas ne, ya tambaye ni ko janareta muka kwana da shi a ɗaki. Na ce a'a, ɗanta ne ya yi wa maƙwabta kara.

Da safen nan na bar ta da nas na koma gida, don ba zan bar wuta tana barci a cikin silin ba. Na shiga gidan su Batulu, na ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta riƙe mini tsani. Da na taka kwanon na ɗaga murya yadda duk lungun zai ji, na ce, “Mace za ta hau sama, maza su shige ɗaki!”

Malam Bahago ya fito ba hula yana cewa, “Subhanallahi! 'Yar Malam a kan rufi? Ki sauko!”

Na ce, “Baba Malam, ka sunkuyar da kai, ana aiki.”

Na yanke wayar da almakashin ɗinki. Buhun ya narke ya manne da hular bututun, sai da na ɓanɓare shi. Abin da ke ciki ya cushe kamar an danna auduga a matashi, jiƙaƙƙe daga sama. Na zura hannu har kafaɗa ina zaƙulowa. Na ƙasan baƙi ne ƙirin, yana marmashewa, ya riga ya ci wuta ya mutu don rashin iska. Buhunka ya hana gidan ƙonewa, shi kuma ya mayar wa Inna da hayaƙin. Ka zaɓi wanda za ka yi alfahari da shi.

Na tara duka a zanina na sauko, na juye a gaban zauren. Na ce masa mai takaba shafa turare aka hana ta, ba a hana iska wucewa ta kanta ba, kuma da an tambaye ni, da na daina sa ruwan ƙamshin a ranar, magana ta ƙare. Ya tsaya yana kallon tulin. Bai ce in kira mazan gida ba.

Abin da zai hana duk wannan kalma ɗaya ce daga bakinka. Ka ji tsoron faɗana fiye da yadda ka ji tsoron wuta.

Bilkisu

Abuja
Alhamis

Yaya,

Salamu alaikum. Wallahi ban san zai kai haka ba. Na ɗauka iskar za ta samu wata hanya. Na kira ki ba adadi, yanzu ke ce ba kya ɗauka. Na nemi izini a ofis. Don Allah ki gaya mini gaskiyar halin da take ciki kafin in kamo hanya, in san abin da zan tarar.

Jamalu

Asibiti
Juma'a

Jamalu,

Wa alaikumus salam.

Inna ta buɗe ido da hantsi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Bilkisu.”

Ni ce 'yar farinta. Na haura hamsin ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ko a ɓoye, ko cikin fushi. Likita ya yi murna, ya ce ta gane mutane. Likita ba ɗan gidanmu ba ne. Na fita baranda na zauna, don ban sani ba ko Inna ce ta dawo, ko kunyar tata ce hayaƙin ya tafi da ita, da sauran abin da ya tafi da shi.

Ba ta tambaye ka ba tukuna. Ka zo ka tsaya a gabanta, mu ga me za ta kira ka.

Allah ya kiyaye hanya.

Yayarka,
Bilkisu