Na Faɗa wa Malam Hadi Gaskiya

Inna,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba, ya su Liya'atu? Ni lafiya lau, sai dai dako akwai cin ƙafa.

Inna, tun zuwana Fatakwal na ɓoye cewa ni Kirista ne, don kada in rasa ɗakin da Malam Hadi, mutumin Gwarzo, ya ba ni. Abin ya hana ni sukuni. Rannan na durƙusa na ce, "Ubangiji, na yi musun ka, ba ni da hujja. Ka gafarta mini." Na tashi na faɗa wa Malam.

Dariya ya yi. "Haba Ayuba! Kullum waƙar coci kake yi in kana wanka!"

Yanzu shi ke tashina ran Lahadi.

A aiko min da daddawa. Allah ya bar mana ku.

Ɗanki,
Ayuba