Minti Ashirin na Farko

Husum, 3 ga Maris

Ƙanwata Wiebke,

Gaisuwa mai yawa. Ya Göttingen, ya aiki? Mu nan ruwan sama ya hana mu sakat, ga tumaki sun fara haihuwa.

'Yata Imke, 'yar lelenki, ta ishe ni da maganar keke. Wata huɗu farfaɗiyarta ba ta tashi ba, kuma na'urar nan taki da take maƙalawa a bayan kunne kullum kore take nunawa. Likita ya ce a ƙara jira. Ni makiyayi ne, ke kika shekara tara kina leƙen ƙwaƙwalwar mutane. In bar ta ta hau ko kuwa?

Yayanki, Hauke

Göttingen, 7 ga Maris

Yaya Hauke,

Ina gaida kowa, har tumakin. Kai, likitoci da tsoro! Ka san ruwa kafin ya tafasa sai ya fara 'yan kumfa? Haka ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke. Kafin su rikice gaba ɗaya sai dubbansu sun fara motsi tare, lissafina kuma yana kama wannan, fitilar na'urar ta koma ja. Na gwada a kan mutum ɗari biyu da sittin. In kore ce, bar yarinya ta sha iska.

Taka, Wiebke

Husum, 22 ga Afrilu

Wiebke,

Ina gaisuwa. Kin zo jana'izar Imke kin tafi ba mu haɗa ido ba, to bari in rubuta.

Ranar ta makara. Bakwai saura minti biyar ta maƙala na'urar, ta hau keke ta fita da burodi a baki. Bakwai da biyar ciwon ya tashi, ta faɗa magudanar da ke gefen hanya. Ruwan ko gwiwa bai kai ba, Wiebke. Ni na ciro ta, fitilar kuma kore. Zuciyata tafasa take. Gaya mini dalili, ban da turancin jami'a.

Hauke

Göttingen, 30 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ka, in za ka amsa.

A fanninmu, duk abin da muka auna, ko maganaɗisu ko iska, muna zubar da farkon awon har abin ya natsu. Tun shekarar farko aka koya mana, hannuna ya saba. Haka na yi wa ƙwaƙwalwa: minti ashirin na farko bayan an maƙala na'urar ba ta duba komai, kore kawai take nunawa. Ban taɓa gaya maka ba, don ni kaina na manta.

Na koma kan abin da na zubar. Mutum talatin da ɗaya a cikin waɗannan mintunan ciwonsu ya tashi, da safe, daga farkawa. Ni na kira awonsu hayaniyar banza, na goge.

Na janye binciken, an karɓe na'urorin. Ni na kashe ta, Yaya. Ba ni da bakin neman gafara.

Ƙanwarka, Wiebke

Husum, 9 ga Mayu

Wiebke,

Saƙonki ya iso. Kada ki zo tukuna.

Ga tata na'urar a cikin ambulan. Na rasa yadda ake kashe ta. Har yanzu kore take nunawa.

Ki huta lafiya.

Hauke