Makullin Kunkuru

Zuwa gare ka, Direbana, inuwata ta tsakar rana, ruwan sanyina bayan doguwar tafiya, tsohon da har gobe in ya yi gyaran murya a ƙofa sai na gyara ɗankwali.

Maƙwabciyarmu mai ɗinki ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Sai dariya take, wai mutum yana tsakar gida ana aika masa wasiƙa. To ya zan yi? Kwana uku ke nan ka tare a cikin Kunkuru, tsohuwar motarka mai gado da murhu, ka birkice katifa, ka kwance kujera kana neman makulli, ko sannu ba ka ce mini ba. Ni na ɗauke. Na dai faɗa, huhuna ya huta!

Kada ka ce ba na son tafiyar. Wa ya ɗinka labulen tagogin? Wa ya zauna aka haska masa wuta a ido don hoton fasfo, na fito kamar an kama ni da kayan sata? Shekara biyu kana ƙarƙashin motar nan, ƙafafunka kawai nake gani, su nake yi wa sallama in na kawo abinci. Ka shimfiɗa taswira a kan gadonmu, ka ce ƙasa bakwai za mu ratsa sai mun ga inda ruwa ba shi da ƙarshe. Ni ban san a ba, ban san ba ba. Na bi shuɗin layi da yatsa ina murna, ka ce wannan kogi ne, zan nutsar da mu. Har yau ban gane ba ko bakwai ɗin har da tamu.

Ka tuna ranar da ka kai ni haihuwar Auta a babbar motarka? Ruwa kamar da bakin ƙwarya, abin share gilashi ya mutu. Ina naƙuda ina leƙa kai ta taga ina goge maka gilashi da mayafi, ina cewa dama, hagu, ga rami! Ka ce, ke ce idona. Na ɗauka daɗin baki ne na masu mota.

Haba tauraron asubana, yanzu fa? Shekaranjiya waccan ka yi wa tukunyar gas barka da yamma, ka zaci jikanka ne a tsugune. Ka ja Kunkuru baya ka murƙushe durom ɗin ruwa, ka ce durom ɗin ne ya matso. Na yi dariya a gabanka, na shiga ɗaki na rasa abin da nake nema. Allunan hanya kuma wa zai karanta? Kai ka iya karatu ba ka hango su, ni ina hango su ban iya karatu ba. Zan riƙa ce maka ga wani baƙi kamar tsani, ga wani kamar ƙugiya, mota tana gudu?

In na ba ka makullin, ina tsoron rami. In na hana ka, ina tsoron ganinka zaune a kujera kana bushewa kamar ganyen da aka tsinke. Wanne ne so a ciki? Na rantse ban sani ba. Da safe sai in ɗauko shi zan kawo maka, kafin in kai ƙofa na mayar.

Ga abin da kaina ya iya. Na sa maƙwabciyar ta rubuta maɓoyarsa a can ƙasan takardar nan, da ƙananan baƙi kamar ƙafar tururuwa. In ka karanta da idonka, tayar da mota, jakata a ɗaure take. In kuwa sai da ka kira Auta ta karanta maka, to makullin nata ne. Shekara tara tana jan motar makaranta ba ta taɓa goge ko fenti ba, kai ka koya mata. Ta tuƙa, ka zauna gefenta kana yi mata faɗan canjin giyar mota, ni ina baya ina faɗa maka launin duk abin da muka wuce.

Ban ma san wanne nake roƙo ba. Amma ko wane ne, ƙafata ƙafarka.

Taka, idonka, har inda ruwa ya ƙare,
Maman Auta

Yana cikin aljihun rigar aikinka, wadda ke jikinka; daren jiya na saka shi kana barci.